Yadda ake markaɗen sitiroberi mai kauri ba madarar shanu, ba lodin sukari

Abu biyu madara da ayaba suke yi a cikin markaɗen 'ya'yan itace: kauri da zaƙi. Wanda nono ke ɓata wa ciki, ko wanda likita ya ce ya rage sukari da sitaci, da zarar ya cire su sai ya tarar da ruwa tsululu mai tsami a kofi. Gyaran yana wajen kwakwa da fiya, da kuma daskarar da sitiroberin kafin a markaɗa.

Sitiroberin da ake gani a Kaduna galibi daga Filato yake zuwa, wajen Vom, kuma ya fi yawa da araha a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Maris. Shi ya fi dacewa da wannan aiki: giram 100 nasa yana ɗauke da sukari da sitaci kusan giram 8, biyu daga ciki harza ce da jiki ba ya mayar da ita sukari. Ayaba mai wannan nauyin tana da kusan 23, dabino kuwa kusan 75. Shi ya sa "dabino uku kawai don ɗanɗano" yake rushe aikin gaba ɗaya. Haka zuma: babban cokali ɗaya yana da sukari giram 17. Kunun aya ma a bar shi gefe, aya kanta tana da sitaci da zaƙi, balle an haɗa ta da dabino.

A zaɓi wanda ya yi ja har wuya, domin sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. A wanke da ganyensa a kai, sannan a cire ganyen. Idan aka fara cirewa ruwa zai shige ciki ya salamce shi. A tsane a kan tsumma mai tsabta, a raba manyan biyu, a jera a faranti kada su taɓa juna, a sa a firiza awa uku zuwa huɗu. Bayan sun daskare a juye a leda, kowace leda giram 100, wato matsakaita bakwai ko takwas. Idan an ɗauke wuta suka narke har suka fara warin tsami, a zubar, kada a sake daskararwa.

Sai madarar kwakwa, kuma ta gida ta fi. A fasa busasshiyar kwakwa ɗaya, a ɓamɓare naman, a yanka ƙanana sosai don kada wuƙar blenda ta wahala. A zuba ruwan ɗumi rabin lita, a markaɗa minti biyu, a tace da ƙyallen tatar koko, a matse da kyau. Ruwan ya zama mai ɗumi, domin mai sanyi ba ya fito da man. Ruwan da ke cikin kwakwar daban ne, yana da sukari, ba shi ake nufi ba. Madarar tana kwana biyu zuwa uku a firji, za ta rabu mai a sama ruwa a ƙasa, wannan ba lalacewa ba ce, a girgiza kawai. Wanda kwakwa ta yi masa nauyi ya yi amfani da madarar waken suya da ba a sa wa sukari ba.

Na babban kofi ɗaya ana buƙatar daskararren sitiroberi giram 100, madarar kwakwa mililita 180, kwatan nunanniyar fiya, rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Gishirin ba don a ji shi ba ne, yana danne ɗaci ne ya fito da zaƙin da ke akwai.

Jerin zubawa yana da muhimmanci. A fara da madarar da fiya, a markaɗa daƙiƙa 20 har su zama ɗaya, sannan a zuba sitiroberin a ƙara daƙiƙa 40. Man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 24, don haka idan aka zuba madarar kai tsaye a kan daskararren abu, man zai dunƙule ya zama tsaki-tsaki a baki. Fiya tana riƙe man idan sun riga sun haɗu. Kuma ruwa a ƙasa yana hana wuƙa juyawa a banza.

Idan ya yi ruwa, kada a ƙara ƙanƙara, narkewa za ta yi ta ƙara tsinka shi. A ƙara fiya cokali ɗaya, ko babban cokalin 'ya'yan chiya, wasu ƙananan ƙwayoyi masu shan ruwa su yi kauri, a bar shi minti goma ya kumbura. Idan ya yi ɗaci, ko dai fiyar ba ta nuna ba, ko 'ya'yan lemon tsami sun faɗa ciki. Idan tsami ya yi yawa, a ɗiga sitibiya, wani abin zaƙi mara sukari da ake samu daga ganyen wani tsiro, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, don idan ta wuce tana barin ɗaci a maƙogwaro. Ɗanyar citta kamar ƙwayar gyaɗa tana ɗaga ƙamshinsa, zoɓo mara sukari cokali biyu kuma yana dawo da jan da fiya ta dusashe.

A sha nan take. Bayan rabin awa zai fara rabuwa, launin ya koma ƙasa-ƙasa saboda iska ta taɓa fiyar. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin ya gwada jininsa awa biyu bayan kofin farko, kuma kada ya maye gurbin cikakken abinci da shi sai ya yi magana da likitansa.