Yadda na karɓo wasiƙuna daga tsohon wurin aikina

Bayan na bar aiki, wasiƙuna na banki da na inshora sun ci gaba da zuwa tsohon ofishinmu, har aka buɗe wata. Abin ya dame ni ƙwarai, domin bayanan asusuna ne a ciki.

Na fara da neman sanin matsayin doka. Yarjejeniyar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, ƙungiyar da aka kafa a 1874, ta ce wasiƙa mallakar mai aikowa ce har sai ta isa hannun mai haƙƙinta. Sai dai gidan waya kan ɗauka ya sauke nauyinsa da zarar ya miƙa ta a adireshin da ke jikin ambulan. A Amurka ma ba ya karɓar buƙatar ma'aikaci ta a karkatar masa da wasiƙu daga adireshin kamfani. A Birtaniya kuwa, dokar ayyukan gidan waya ta shekarar 2000 ta haramta buɗe wasiƙar da ka san an kawo maka bisa kuskure, idan da nufin cutarwa ne kuma babu uzuri.

Saboda haka na rubuta wa sashen kula da ma'aikata takarda cikin ladabi, na roƙi a ajiye mini duk ambulan mai sunana ba tare da an buɗe ba, ko a mayar wa mai aikowa, na kuma riƙe kwafi. Sun amince.

Abin da ya kashe matsalar daga tushe shi ne bin masu aikowa ɗaya bayan ɗaya, na sauya adireshina a rubuce, na nemi kowannensu ya tabbatar mini da sauyin.