Yadda ake lissafin sauri, da inda alƙibla ke shigowa

Abu biyu kawai lissafin sauri yake bukata: nisan da aka ci da lokacin da aka ɗauka. Ka raba nisa da lokaci, shi ke nan. A littattafan makaranta ana rubuta shi v = d/t, inda v ke nufin sauri, d nisa, t kuma lokaci.

Mu ɗauki motar haya daga Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru, mu ƙaddara kilomita 200 ne don sauƙin lissafi. Ta tashi ƙarfe 7, ta isa 10 da rabi, wato awa 3 da minti 30. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe: sai su danna 3.30 a na'urar lissafi. Minti 60 ne a awa, ba 100 ba, don haka minti 30 rabin awa ne, 3.5. Raba 200 da 3.5, za ka sami kusan kilomita 57 a awa. Wannan matsakaicin sauri ne, domin har tsayawar da aka yi a Figil da lallaɓawa a wurin ramuka duk suna ciki. Abin da allurar gaban direba ke nunawa kuwa saurin wannan lokacin ne kaɗai.

A jarrabawa galibi mita a sakan ake so. Kilomita mita 1000 ce, awa sakan 3600, saboda haka ka raba da 3.6: kilomita 72 a awa ta zama mita 20 a sakan. In za ka koma, ka ninka da 3.6. A takardun Faransanci da waƙafi ake rubuta shi, 3,6, kada ya rikita ka.

Kana iya gwadawa a kan hanya, inda duwatsun kilomita suke nan ba su karye ba. Ƙirga sakan nawa aka yi daga dutse zuwa na gaba, ka raba 3600 da su. Sakan 45 na nufin kilomita 80 a awa.

Sai batun alƙibla. Faransanci kalma ɗaya yake amfani da ita, "vitesse", ga sauri kawai da kuma sauri mai alƙibla, sai a ƙara "vecteur" idan ana nufin sauri haɗe da inda aka dosa, shi ya sa ake yawan cakuɗa su. Shi matsakaicin sauri mai alƙibla ba ruwansa da kwane-kwanen hanya. Miƙaƙƙen layi daga mafari zuwa maƙura yake dubawa. Tsakanin Garwa da Marwa wannan layin wajen kilomita 175 ne, don haka amsar ita ce kilomita 50 a awa, arewa maso gabas. Duk wanda ya rubuta 50 ya yi shiru bai gama amsa ba. In kuma motar ta dawo tashar da ta baro, matsakaicinsa sifili ne, ko da ta ƙone mai na kilomita 400.

Kwalekwale ya fi nuna abin a fili. A ce matuƙi zai haye Logone daga Kuseri, a wurin da faɗin kogin mita 200 ne. Yana tuƙi mita 2 a sakan kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar, ruwa kuma yana gangarawa mita 1.5 a sakan. Ba a tara su a ce 3.5, tunda ba waje ɗaya suka nufa ba, sun yi kusurwa irin ta ginin ɗaki. Da ƙa'idar Fitagoras ake yi: 2 sau 2 huɗu, 1.5 sau 1.5 kuma 2.25, jimla 6.25, tushenta (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 6.25) 2.5, wato mita 2.5 a sakan. Hayewar sakan 100 ce, amma zai sauka mita 150 ƙasa da inda ya hango. Shi ya sa gogaggen matuƙi yake karkata goshin jirgi sama tun daga bakin gaɓa.

Akwai wani tarko da malamai ke son ɗanawa. Mai babur ya je da gudun 60, ya dawo da 40, sai hannu ya yi saurin rubuta 50. Gwada da kilomita 120: zuwa awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 a awa 5. Amsar 48 ce, domin ya fi daɗewa a tafiyar da ya yi a hankali.