Kafin ka biya kuɗin rihla (tafiyar yawon buɗe ido): shawara ga sababbin zuwa Alkahira

Sabon zuwa Alkahira, tun bai san motar da za ta kai shi Darrasa, unguwar da masallacin Azhar yake, ba, ya riga ya fara tambayar hanyar dalar Fir'auna. Ban ga laifinku ba, ƙannena. Wanda ya tashi yana jin sunan Masar a ƙissar Annabi Yusufu da ta Annabi Musa, dole ransa ya biya ya gani da idonsa. Ni ba na cikin masu cewa ɗalibi daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki. Ku fita ku ga gari. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, wahalar da muka sha a kan yawon dare da tafiyar ayari ita nake ganin kuna sake afkawa ciki duk shekara, alhali mafi yawanta a kan takarda ɗaya ce, wato iƙama, izinin zama a ƙasar.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Metro na da layi uku, yana da araha, kuma akwai taragun mata a tsakiyar jirgi, namiji kada ya kuskura ya shiga. Mikrobas a mako guda za ka gane ta: ka miƙa kuɗinka gaba, ka faɗi inda za ka sauka da ƙarfi. Idan dare ya yi nisa ka kira mota ta waya, ka ga kuɗin tun kafin ka shiga. Abinci kuwa, koshari da ful da ta'amiyya za su riƙe ka, ga ruwan rake a kowace kwana, zoɓonmu ma yana nan. Farashin da wani tsohon ɗalibi ya faɗa maka kada ka riƙe shi, domin tun da aka saki junaihi, kuɗin Masar, a watan Maris na 2024 ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, komai ya tashi.

Fitar dare ta farko, ni shawarata ku yi ta a titin Mu'izz. Ku yi Magariba a Azhar, masallacin da aka gama gininsa a shekarar 972, ku tsallaka zuwa Husaini, ku ratsa Khan Khalili ba tare da kun sayi komai ba a ranar, sannan ku bi titin a ƙafa har Babul Futuh. Da dare ake haska gine-ginen, hasumiyar Ƙalawun da masallacin Hakim duk sai su fito fes. Iyalai na zaune a kan dakali, yara na guje-guje, mai shayi na zagayawa da tire. Tafiya a titin ba a biyan ko sisi. Idan aljihu ya ɗan yi nauyi, lambun Azhar yana kan tudu, daga can za ka hango ganuwar Salahuddin da rabin tsohon gari. Gadar Ƙasrun Nil ma wurin shan iska ne, sai dai idan za ku shiga kwalekwale a Nilu ku yi ciniki a bakin ruwa: nawa, na tsawon wane lokaci, kuɗin jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane kai.

Akwai abin da nake so ku riƙa tunawa idan kuna tafe a waɗannan lunguna. Mu ba baƙin jiya ba ne a garin nan. A cikin Azhar an daɗe da ruwaƙin Barnawa, sashen da ɗaliban ƙasashenmu suke sauka a zamanin da. Mansa Musa ya yada zango a nan a 1324 kan hanyarsa ta Makka. Imam Suyuɗi, wanda malamanmu na zaure ke karantar da tafsirinsa duk azumi, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma kabarinsa yana nan kusa da ganuwa, a bakin maƙabartar Ƙarafa. Ya rasu a 1505. Yana ba ni takaici in ga ɗalibi ya shekara biyu ya san kowane kanti a City Stars amma bai taɓa taka masallacin Amru bin Asi ko hubbaren Imam Shafi'i ba.

Dalar Giza ku je da sassafe, da katin makaranta, domin ɗalibi rabin kuɗi yake biya, kuma ku tafi da katin banki saboda manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a taga. Masu raƙuma da dawakai sana'arsu suke yi. Wanda ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce, cire ka miƙa masa cikin fara'a ka wuce. Masu neman gawar Fir'auna kuma ku daina zuwa gidan tarihi na Tahrir kuna dawowa da haushi. Tun Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 aka kai su gidan tarihi na Fusɗaɗ, Ramsis na biyu yana cikinsu. Kada kuma ka ɗora a Facebook cewa ka ga wanda ya yi zamani da Annabi Musa, masana ba su haɗu a kan ko wane ne ba.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni: iƙama.

Biza da ka shigo da ita ba izinin zama ba ce, kwanakinta ƙidayayyu ne. Takardar karɓarka a makaranta ba iƙama ba ce. Katin makaranta ba iƙama ba ne. Hoton fasfo a cikin waya ba fasfo ba ne. Na san kun ji wani yana cewa shi shekararsa uku ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Wannan mutumin daga gida sai masallacin unguwa yake zuwa, kai kuma kana shirin tsallaka jihohi cikin dare. Zamanin ma ya sauya. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane masu ɗimbin yawa suka shigo Masar, bincike ya ƙaru a unguwannin da baƙaƙen fata ke zama, kuma ɗan sanda ba ya karanta ƙasarka a goshinka, takarda yake tambaya. A Agustan shekarar gwamnati ta fitar da doka cewa baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sai ya biya dala 1,000 kafin ya gyara zamansa. Lissafa wannan da naira ko sefa, sannan ka tuna wanda zai sayar da hatsinsa ko akuyarsa a gida ya turo maka.

Hanyar samunta ba ɓoyayya ba ce, haƙuri take ci. Ka karɓo tasdiƙi, wato takardar shaidar cewa kai ɗalibi ne, daga makarantarka, ka haɗa da kwafin fasfo da hotuna, da takardar hayar gida idan ba a Bu'us, gidan kwanan ɗalibai baƙi na Azhar, kake zaune ba, ka kai jawazat, wato hukumar fasfo da shige da fice. Babban ofishinsu yana Abbasiyya tun 2019, ba Tahrir ba kamar yadda tsofaffin labarai ke cewa. Takardar haya sai an kai ta ofishin Shahrul Aƙari, mai rajistar takardun gidaje, an buga mata hatimi, don haka tun ranar da dillali ya nuna maka gida ka tambayi mai gidan ko zai ba ka kwantiragi da sunanka da kwafin katinsa. Idan ya fara kame-kame, nemi wani gidan, komai arahar wannan. Ka fita da asuba, ka tafi da biro da kwafi fiye da yadda aka ce. Rasidin da za a ba ka bayan ka miƙa takardu, sa shi a leda ka adana kamar kuɗin sadaki. Kuma ka fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, domin tasdiƙi kansa yakan ɗauki makonni, musamman idan sakamakon jarrabawa bai fito ba.

Ni na kwana a bakin hanyar Sina a kan wannan magana. Wani ɗan uwa ne ya shirya rihlar Ɗuri Sina, ya tara kuɗi, ya ɗauko babbar mota. Da aka tambaye shi batun takardu sai ya ce ba matsala, katin makaranta ya isa, shi ya saba zuwa. Muka tashi bayan La'asar don mu isa gindin dutsen da tsakar dare, a hau, a ga fitowar rana daga ƙololuwa. Ana ta waƙen yabo, ana raba dabino. Bayan mun ratsa ramin da ke ƙarƙashin mashigin Suwez muka iso kamin, shingen binciken nan da ba ka rasa shi a hanyoyin Sina. Jami'i ya hawo da tocila, ya bi kujera kujera. Ni tawa tana kan sabuntawa, rasidi ne a hannuna, sai da aka juya shi gaba da baya, aka yi waya, aka yi mini tambayoyi kafin a miƙo mini. Yara biyu da ke bayana, ɗaya bizarsa ta ƙare bai ma je jawazat ba, ɗaya kuma fasfonsa yana cikin akwati a Hayyul Ashir, hoto kawai yake nunawa. Aka ce su sauko. Ƙaramin cikinsu ko wata uku bai yi a ƙasar ba, Larabcinsa na littafi ne, ba ya gane abin da ake ce masa. Ya sauka da silifas, ya bar sabon bargon da ya saya don sanyin dutse a kan kujera tare da ƙullin kilishin da mahaifiyarsa ta haɗo shi da shi.

Muka zauna a cikin mota, sanyin hamada yana shiga ƙashi. Direba ya ce shi lokaci aka biya shi, ko a ci gaba ko a juya. Mai shirya tafiyar ya rasa ta cewa, ashe ko jerin sunayenmu da lambobin fasfo bai rubuta ba. Mai fasfo a akwati an sake shi washegari bayan abokin ɗakinsa ya biyo mota ya kawo. Ɗayan kuwa sai da manyan ƙungiyar ɗalibai suka yi ta sintiri tsakanin makaranta da ofishin jakadanci, aka yi karo-karo, kafin ya fito, kuma jarrabawar tantance matakinsa ta wuce shi. Dutsen dai ba mu hau ba. A nan ne na ƙara girmama jama'armu, domin waɗanda ba su taɓa ganin yaron ba su ma sun sa hannu a aljihu, wasu daga kuɗin abincinsu. Amma wannan alheri bai kamata ya zama abin da kuke dogara da shi kuna sakaci ba. Mutanen nan su ma karatu ya kawo su.

Saboda haka kafin ka ba wani kuɗin rihla, tambaye shi. Wace mota ce, ta kamfanin yawon buɗe ido ce mai izini ko ta wani abokinsa? Ya karɓi kwafin fasfo da iƙamar kowa? Kuɗin ya haɗa da tikitin shiga da abinci da ɗan jagora? A Ɗuri Sina dole sai da jagora daga Larabawan ƙauyen wurin, dutsen ya haura mita 2,200, kuma ƙarshensa matakala ce zalla, mai ciwon ƙirji ya yi tunani. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, riƙe kuɗinka. Ku kuma masu shiryawa, don Allah ku ji tsoron Allah, kada son cika kujera ya sa ku ɗauki yaron da kun san takardarsa ba ta cika ba.

Ko a cikin gari, idan za ka fita da dare ka ɗauki katin iƙamarka. Kada ka ɗauki hoton ɗan sanda, ko soja, ko ginin gwamnati, ko shingen bincike. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama haramun ne ba tare da izini ba, kada wani ya aiko ka da shi daga gida. Za ka haɗu da yaran da za su kira ka da sunan launin fatarka suna dariya. Yana da zafi, na sani, har yau yana yi mini zafi. Amma idan ka ɗaga hannu, kai ne baƙo, kai za a fara tambaya takarda. Wuce abinka, sau da yawa ma wani dattijo Bamisire ne zai tsawatar musu. Haka a gidan shayi wajen kallon ƙwallo. Ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a Garwa, a Janairun 2022, masu hankalinmu a ɗaki suka yi murnarsu.

Sai batun dawowa gida. Mai gadin bene, bawwab, idon mai gida ne. Idan kun dawo ƙarfe biyun dare ku goma kuna hira da ƙarfi a matakala, ko kun mai da falon wurin kwanan duk wanda mota ta tsere wa, da safe labari ya isa. Kwantiragi ya ce mutum huɗu, an ga takalma goma sha biyar a bakin ƙofa, ƙarshen wata sai a ce ku tashi, kuɗin ajiyar da kuka bayar kuma ya bi ruwa. Mafi muni, takardar hayar da iƙamarku ta rataya a kanta ta tafi. Ku gaishe da bawwab, ku ba shi ɗan na wata a kan lokaci, idan za ku yi baƙo ku faɗa masa tun da rana. Ƙannena mata, ku naku ya fi tsanani, domin ana sa muku ido fiye da maza. Ku fita a ƙungiya, ku dawo tare, ku tura wa wata da ke gida bayanin motar da kuka shiga.

Idan takardunku sun kammala kuma kuna son tafiyar ayari ta farko, ku fara da Iskandariyya. Kilomita 220 ce ko kusa da haka, ana zuwa a dawo a yini ɗaya, ta jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ko ta mota. Akwai ganuwar Ƙaitabai a bakin Bahar Rum, da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da masallacin Abul Abbas Mursi, ga kifi mai araha. Fayyum ma kusa take. Uƙsur da Aswan ku bari sai hutun sanyi, da zafi ba su shiguwa. Kowace kuka zaɓa, ku bar jerin sunayenku da lambar motar da lambar wayar direba a hannun wani babba da bai tafi ba, kuma duk wanda ya zo bakin mota ba fasfo da iƙama a hannu, a mayar masa da kuɗinsa ya jira ta gaba.