Keken koyo marar feda: kurakuran da muke yi wajen saya wa yara

Akwai wani ɗan keke ja da ya yi wata bakwai jingine a zauren gidanmu, ƙura ta lulluɓe shi, kaji na kwanciya a gindinsa. Ni na saye shi a babbar kasuwar Maradi, ana jajibirin ƙaramar Sallah, don ɗiyata da ke da shekara biyu da ƴan watanni a lokacin. Irin keken nan ne na koyo, babu feda, babu sarƙa; yaro ya zauna kan sirdi ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. Ranar da ta fara hawa, yatsun ƙafarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ta karkace, ta faɗi, ta tashi ta ce ba ta so, kuma ba ta sake kallonsa ba. Inna, da ke zaune kan tabarma tana kallon mu, ta ce, "Kai dai an cuce ka. Keken da ba a gama ƙerawa ba suka sayar maka."

Inna ba ta yi daidai ba wajen ƙira, amma ni ma ban yi daidai ba wajen saye. Keken haka aka yi shi da gangan. Abu biyu ne ke cikin iya keke: tsayuwa a kan taya biyu ba tare da faɗuwa ba, da kuma taka feda. Na farkon shi ne mai wuya, na biyun yaro kan ɗauke shi cikin ƴan kwanaki. Wannan keken yana raba su, ya fara koya wa yaro mai wuyar, alhali ƙafafunsa na kusa da ƙasa. Ba ma sabon abu ba ne. Keken farko da wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera a 1817, na katako, da ƙafa ake tura shi. Feda ba ta zo ba sai bayan shekara arba'in da wani abu. Daga sunansa ne Faransawa ke kiran na yaran nan draisienne, kuma shi za ka gani rubuce a jikin kwali idan kayan daga wajensu suka fito.

Babban kuskuren, wanda ni na yi, shi ne sayen keke da shekarun yaro. Mai shago zai tambaye ka, "Alhaji, shekararta nawa?" ka ce biyu, ya sauko maka da ɗaya, sa'an nan ya ƙara da cewa gara ka ɗauki mai ɗan girma, ai za ta girma a kai. Maganar ta shige ni saboda haka muke yi wajen tela: a saki rigar Sallah ta yi tsawo, ta kai baɗi. To, riga in ta yi tsawo sai a naɗe ta, keke in ya yi tsawo sai ya kada yaro. Kuma yara biyu ƴan shekara ɗaya na iya bambanta sosai a tsawon ƙafa.

Abin da ake aunawa shi ne cikin ƙafa. Sa wa yaron takalmin da zai riƙa hawa da shi, ka tsayar da shi jikin bango, ka sa littafi tsakanin cinyoyinsa ka ɗaga shi sama a hankali kamar sirdi, ka auna daga saman littafin zuwa ƙasa da tef ɗin tela. Rage santimita 2 ko 3 daga abin da ka samu. Wannan ne tsawon da sirdi zai kasance. Idan cikin ƙafar ya ba da santimita 33, kana neman keken da sirdinsa ke sauka zuwa 30 ko 31. Ka tafi kasuwa da tef ɗin a aljihu, ka sa a sauke sirdin iyakar saukarsa, ka auna da hannunka. In ba tef, yanke kara daidai tsawon ka tafi da shi, ya wadatar. Mafi kyau dai ka tafi da yaron: ya zauna, tafin ƙafarsa duka biyu su shimfiɗu a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. In ɗage yake yi, ka mayar, ko da kukan yana so zai tara maka jama'a.

Kada lambar da ke jikin taya ta ruɗe ka. Za ka ga 10, ko 12, ko 14; faɗin tayar ne da inci, kuma inci 12 kusan santimita 30 ke nan. Mai lamba 12 shi ya fi yawa, amma kekuna biyu masu taya iri ɗaya na iya bambanta a wurin da sirdinsu ke tsayawa. Shi ya sa sirdin ake aunawa, ba tayar ba. In kana son keken da zai daɗe, nemi wanda sirdinsa ke sauka sosai kuma sandarsa na da tsawon da za a riƙa ɗagawa, ba wanda ya fara daga sama ba. Ka kuma riƙa dubawa bayan ƴan watanni, domin akasin kuskurena ma na faruwa: yaro ya yi tsawo, sirdi na nan inda aka bar shi, yana tafiya a tsugune kamar mai wanki.

Sai nauyi. Mu nan mun saba ɗaga abu mu ji nauyinsa mu ce wannan shi ne mai ƙarko. A tukunya ko buta wannan gaskiya ne. Amma yaro ɗan shekara biyu bai wuce kilo 12 ko kusa da haka ba. In ka ba shi keke mai kilo 6 ka ba shi rabin nauyinsa, kamar a ce wa babba mai kilo 70 ya koyi keke mai kilo 35. Kada keken ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin yaron. Gwajin ba ya buƙatar sikeli: kwantar da keken a ƙasa ka ce ya tada shi. In ya iya shi kaɗai, to. Ka tuna kuma kai ne za ka ɗauko shi a hannu duk ranar da ya gaji a tsakiyar hanya, kuma zai gaji.

Maganar taya ta fi shafar mu ƴan Maradi fiye da waɗanda aka ƙera kekunan dominsu, saboda su kan daɓe da kwalta yaransu ke wasa, mu kuwa ban da manyan tituna, yawancin lungunanmu yashi ne. Taya iri biyu ake samu. Akwai ta soso mai tauri wadda ba a sa mata iska: ba ta da nauyi, ƙaya ba ta fasa ta, amma tana santsi a kan tayil ko siminti mai yashi a kai, ba ta tausasa gargada, in ta cinye kuma ba ta gyaruwa. Akwai ta iska mai tib a ciki: ta fi riƙe ƙasa, ta fi daɗi a jikin yaro, in ka ɗan rage mata iska tana ratsa yashi mai sauƙi, sai dai ta fi nauyi, kuma tsidau abokin gabanta ne. Ni a ganina, in a tsakar gida mai daɓe yaron zai fi wasa kuma ƙarami ne ƙwarai, ta soso ta isa. In zai riƙa fita waje, ɗauki ta iska ka haƙura da faci. Kafin ka biya, ka tambayi mai gyaran keken unguwarku ko ana samun tib mai lamba 12 kusa. Abin da ban ba da shawara ba sam shi ne tayar roba mai ƙarfi irin ta motar wasa, mai ƙwaram-ƙwaram. Yashi mai zurfi kuma babu tayar da ke cinsa. A nan ko babba sauka yake ya tura.

Wasu iyayen, irin Inna, ba sa yarda su ba da kuɗi kan keken da ba feda, sai su sayi mai feda da ƙananan tayoyi biyu a gefe. Na fahimci lissafin, amma tayoyin gefen nan ba sa koya wa yaro tsayuwa, jingina suke koya masa. Keke na juyawa ne ta hanyar ɗan kwantawa ɓangaren da za a bi, su kuwa suna hana kwanciyar. Ranar da aka cire su sai yaron ya koma farko, ga tsoro ya ƙaru. A ƙasarmu kuma suna da wata fitina ta daban: in keken ya zo ɗan rami, tayoyin gefe su dafe tudu, ta baya ta rataye a iska, yaro na ta taka feda yana wuri ɗaya yana kuka.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan bai yi asara ba. Kai shi wurin mai gyara ka ce, "Baba, cire mini tayoyin gefe da feda da sarƙa, ka sauke sirdi ƙasa." In kai za ka kwance fedar da kanka, sifana mai lamba 15 ce ke kama yawancinsu, kuma ta hagu a juye take kwancewa, kada ka yi ta ƙara mata ɗauri kana zaton tsatsa ce. Abu biyu za ka lura da su. Irin wannan keken ya fi nauyi kuma sirdinsa bai cika sauka sosai ba, saboda haka ya fi dacewa da ɗan shekara huɗu zuwa sama. Sa'an nan wasu birkinsu a feda yake, sai an taka baya suke tsayawa. Da ka cire sarƙa ka cire birki.

Shi birki ma mutane na ba shi muhimmanci fiye da kima a farko, su manta da shi daga baya. Ɗan shekara biyu da ƙafa yake tsayawa, hannunsa bai isa ya matse birki ba. Amma in ya kai uku ko huɗu ya fara gudu, musamman a unguwannin da ke gangarawa wajen gulbi, birkin hannu na baya yana da amfani. Gwada shi da ƙaramin yatsanka. In ya yi maka tauri, ga yaro ado ne kawai. Tunda ƙafa ce birkin farko, silifa ba takalmin hawa ba ne. Na ga farce ya fita ta wannan hanyar, ba na son in sake gani. A sa takalmi mai rufe yatsu, a kuma san zai cinye ta gaba. Doguwar riga, zani ko hijabin ƴan mata a tattare su, don suna shiga taya.

Hular kwano kuwa, na san abin da za a ce: manya ma a kan babur ba sa sawa. Duk da haka kan yaro ya fi girma in an gwada da jikinsa, kuma shi ke fara isa ƙasa. Auna kewayen kansa da tef ɗin nan, ta saman gira, ka nemi hular keke mai wannan awo. Ta zauna daidai, kamar yatsu biyu sama da gira, ba ta koma ƙeya ba, igiyar haɓa kuma ta ɗaure yadda yatsa ɗaya zai shiga. Kada a ɗora masa ta babur, ta yi wa wuyansa nauyi. In ya sauka zai hau bishiya ko katanga a cire masa, don igiyar na iya sarƙewa.

In na gwanjo za ka saya, ba laifi, wasu ma sun fi sabbin araha ƙwari. Juya kowace taya ka ga tana tafiya sumul ba ta rawa, matse birkin gaba in akwai ko ka riƙe tayar ka girgiza kan keken ka ji ko boris ya saki, duba wurin walda ko akwai tsaga, shafa hannu ko akwai noti mai tsini inda ƙafa ke wucewa. Robar bakin hannu in ta yage ƙarfe ya fito, a canza ta kafin a hau. Kuma ko sabo ko tsoho, kada a bar shi a rana. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40. Baƙin sirdi na ƙona cinya, roba na bushewa ta tsage, na katako kuma damina ce ke gamawa da shi.

Sauran kuskuren a hannunmu yake bayan an kawo keken gida. Mukan riƙe kan keken muna ja, ko mu kama sirdi muna turawa, sai ya zama mu ne ke tsayar da shi, yaron fasinja ne. In za ka taimaka, dafa kafaɗarsa ko bayansa, ka bar keken a hannunsa. Kada kuma ka matsa masa ya zauna. Yawancinsu tafiya suke fara yi a tsaye keken na tsakanin ƙafafu, su yi makonni a haka, sa'an nan su zauna suna taku, sa'an nan gudu, wata rana kuma sai ka ga an ɗage ƙafa biyu ana sulalawa. Da rarrafe yaro kan tashi. A zaɓi wuri mai tauri da faɗi, tsakar gida ko filin lakkwal da la'asar, nesa da kwalta da ƴan kabu-kabu da amalanken shanu da bakin lambatu, kuma babba na tsaye, ba yayansa ɗan shekara shida ba.

Idan ya kai yana sulalawa da nisa, yana juya kwana ƙafa a sama, yana tsayawa inda ya so, ya isa mai feda, kuma ba ya buƙatar tayoyin gefe ko na kwana ɗaya. Tawa ɗiyar sai da ƙafarta ta ƙaru ta koma wa jan keken da kanta, wata safiya, ba wanda ya ce mata. Yanzu tana zagaye bishiyar tsakar gida ƙafafu a sama, kaji na watsewa. Inna na kallo tana dariya, amma har yau takan tambaye ni yaushe zan kai shi a sa masa fedarsa.