Yadda ake gyara fitilar mota da ta dushe, a rufe ta da kariya

Murfin fitilar motocin zamani ba gilashi ba ne, roba ce mai ƙarfi da ake kira polycarbonate, wadda kamfani ya shafa wa siririyar kariya daga hasken rana. Idan rana ta cinye wannan kariya, sai fitilar ta yi ruwan ɗorawa, haskenta ya ragu da dare. Aikin duka biyu ne: kankare tsohuwar kariyar, da sa sabuwa. Wanda ya goge bai sa sabuwa ba, cikin 'yan watanni fitilar za ta koma yadda take.

Fara da shafa hannu a kai. In ka ji kaushi, matsalar a waje take. In waje sumul ne amma akwai raɓa ko hazo daga ciki, sanfefa ba za ta yi komai ba, sai an cire fitilar an nemo inda ruwa ke shiga.

Kayan aikin duk za su shiga jaka ɗaya: sanfefa ta ruwa lamba 600 zuwa 3000 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), tef ɗin masu fenti, kwalbar fesa ruwa, tsumma mai laushi, sifirit na isopropyl, injin huda mai batir da ƙaramin soso, man gogewa, da maganin rufewa.

Wanke fitilar, ka zagaye ta da tef ninki biyu don kada ka kankare fentin mota. Jiƙa sanfefa kamar minti 10. Fara da 800, ko 600 in ta lalace sosai, kana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa zai fito rawaya. Ci gaba har ya koma fari kamar madara, fuskar fitilar ta yi dishi-dishi bai ɗaya. Kada wannan ya tsorata ka. Duk lokacin da ka sauya lamba, sauya hanyar gogewa: wannan a kwance, na gaba a tsaye. Ta haka za ka ga ko layukan lambar baya sun ɓace.

Inda za ka tsaya ya danganta da abin da za ka rufe da shi, kuma a nan mutane suka fi kuskure. In fenti marar launi na gwangwani za ka fesa, mai haɗi biyu da ake rubuta wa 2K, tsaya a 800. Yana bukatar kaushi ya kama. A kan fuska mai santsi ɓarewa yake yi. In kuwa maganin rufewa na shafawa ne, wuce 1000, 1500, 2000 har 3000, sannan ka ɗaura soso a injin huda ka goge da man gogewa. Rage gudun injin, kada ka tsaya wuri ɗaya, domin zafi yana ƙona robar, kuma tabon ba ya fita sai an koma sanfefa.

Share da sifirit, ka bari ta bushe sarai, har ruwan da ya ɓuya ƙarƙashin tef. Kada sinadaran narkar da fenti irin su tina ko asiton su kusanci fitilar, suna tsattsaga ta.

Gwangwanin 2K yana da maɓalli a gindi da ke haɗa maganin. Da ka danna, sa'o'insa ƙidayayyu ne, don haka shirya fitilu biyun tukuna. Sa takunkumin masu fenti mai tace iska, ba na ƙyalle ba, saboda sinadarin isocyanate da ke cikin fentin yana illa ga huhu. Yi aikin a inuwa, inda babu iska da ƙura. Riƙe gwangwanin nesa da tazarar santimita 15 zuwa 20, ka yi shafe na farko siriri, jira minti 5 zuwa 10, sannan na biyu mai ɗan kauri. Matsowa kusa na sa ya zuba, yin nesa kuma na sa ya bushe a iska ya sauka da kaushi.

Akwai kuma wani kofi mai tururin sinadari da ake jonawa a batirin mota, yana narkar da saman robar ta yi sheƙi nan take, amma ba kariya ba ne, tururinsa kuma guba ne.

Cire tef a hankali kafin fentin ya ƙanƙare, kuma kada ruwa ya taɓa fitilar har sa'a 24.