Ga Ƙannena Masu Tafiya Aikin Sito a Ingila

Makon jiya samari biyu 'yan unguwarmu ta Ƙofar Guga suka zo mini sallama, Ingila za su tafi. Na san inda yawancin namu ke fara neman abinci a can: manyan sito, lodi da sauke kaya. Na yi shekaru a wannan aiki, shi ya sa nake so ku ji ni.

Abin da za a fara damƙa muku wata kura ce ta ƙarfe mai yatsu biyu. Ana cusa ta ƙarƙashin katakon da aka jibga kaya a kai, a yi ta buga hannunta har kayan su ɗaga. Tana ɗaukar kilo 2,000, kuma yawancinsu ba birki. Wanda ya saba ganin masu tura kura a kasuwar Katsina zai raina ta. Ni ma na raina ta. Wata rana ina janyo ta da baya da baya, ban ga ledar naɗe kaya a ƙasa ba, santsi ya kwashe ni, kurar ta biyo ni ta danne mini idon sawu. Ku tura ta gaba, idonku na kan hanya. Kada ku hau ta, kada ku tara kaya su tsere muku ido. Bakin tirela ya fi ko'ina haɗari, musamman lokacin sanyi da ruwa ke daskarewa, gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu.

Takalmi mai bakin ƙarfe hakkinku ne, mai aiki, wato wanda ya ɗauke ku aiki, zai ba ku kyauta.

Babban kuskurena shi ne shirun da na yi. A gida in ɗan dako ya faɗi, sai ya kakkaɓe riga ya nufi mai ɗori. Haka na yi ta ɗingishi kwana uku don kada a ce baƙo rago ne. Ƙannena, ranar da kuka faɗi ku gaya wa shugaban aiki, ku tsaya a rubuta cikin littafin haɗari, ku ɗauki hoton wurin. Dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa mai aiki kula da lafiyarku, kuma in rauni ya hana ku aiki sama da kwana 7, dole ya kai rahoto ga hukuma. Ba rubutu, neman diyya wuya gare shi. In ciwon ya yi tsanani ku kira 999, lambar gaggawa, in da sauƙi 111, layin neman shawarar lafiya.