Yadda ƙauye zai kafa rumbun iri tare da malaman gona na jami'a

Wanda ya ga ambaliyar 2020 a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, daga Damazin zuwa Sinja da Mai Wurno da Sinnar, ya san cewa ba gida kaɗai ruwa ke ci ba. Yana cin irin da aka ajiye don baɗi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara nuna mana haka, har ma'ajiyar iri ta Hukumar Binciken Aikin Gona da ke Wad Madani ba ta tsira daga ɓarna ba. Saboda haka nake ganin kowane ƙauye ya kamata ya riƙe irinsa a hannunsa, ya kuma jawo masu ilimi su taya shi.

Ku fara da kanku kafin ku je wajen kowa. A zauna bayan sallar Juma'a a zaɓi mutum biyar ko bakwai, kuma lallai a sa mata, domin su ne suka san wace dawa ce ke auki a tuwo, wacce ce ƙwaro ke saurin hudawa. A rubuta duk irin da ake shukawa: dawa, gero, riɗi, gyaɗa, wake, kuɓewa, da sunan da kuke kiran kowanne.

Da wannan takarda za ku nufi tsangayar aikin gona mafi kusa, ko ta Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975 da niyyar hidima ga karkara, ko ta Jami'ar Sinnar da ke Abu Na'ama, ko ta Gadarif. Ku nemi masu aikin irshadi, wato wayar da kan manoma. Kada ku ce "a taimaka mana" kawai. Ku faɗi abin da kuke so: malami ko ɗalibai su zo gona lokacin da dawa ta fitar da kai, su koya muku zaɓen iri da gwada shi. Ɗalibai na neman gonar da za su yi aikin karatunsu, don haka ba bara kuka je yi ba. Idan hanya ba ta biyuwa, ku karɓi lambar malami ɗaya ku riƙa tura masa hotuna ta WhatsApp.

Zaɓen iri shi ne inda aikin yake, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ba daga masussuka ake ɗibar iri ba. Tun dawa na tsaye ake shiga tsakiyar gona, a bar gefe inda takan gauraya da ta maƙwabci, a ɗaure ƙyalle a kan zangarniyar da ta cika, ta nuna da wuri, ba ta da burtuntuna. Gonar da ƙuduji ya mamaye, wanda Larabawa ke kira buda, a guje ta gaba ɗaya, don ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, tana bin iri, tana kuma shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Ku tambayi malaman wace ce za ta dace da ƙasarku tsakanin sababbin irin dawa kamar Wad Ahmad da Tabat da Arfa Gadamak, amma kada sabon iri ya sa ku yar da na kakanni. A ajiye duka.

Sai busarwa. Ku zuba busasshen gishiri da ɗan iri a kwalba mai tsabta, ku girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar rana.

Gwajin tsiro ma ba ya cin kuɗi. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. Ni dai in dawa ta kasa 80, ba na sa ta a rumbun jama'a. A yi gwajin bayan girbi, a sake yi kafin ruwan fari.

Wurin ajiya ya zama kan tudu, a buhu mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako. Matmura, ramin nan na ƙasa, ta rufa wa mutane asiri shekara da shekaru, amma a inda ruwa ke kwanciya ba ta dace da iri ba. Ku raba irin gida biyu, rabi a wani ƙauye wajen 'yan'uwa, ko da wuta ko ruwa ko gudun hijira ya taɓa ɗaya.

Maganar rance tana son hankali. Wanda ya ari mudu, ko malwa kamar yadda ake cewa a nan, ya mayar da daidai abin da ya ɗauka, kada a faɗa riba. Abin da zai sa rumbu ya ƙaru shi ne gudummawar da kowane gida zai bayar a kaka, ya ara ko bai ara ba, ko kuma a ware fadan ɗaya, wato gona kamar eka ɗaya, a noma shi da gayya. Ku zauna da liman ku daidaita wannan tun farko. Littafin rumbu kuma a yi shi kwafi biyu, a ɗauki hotonsa a waya duk bayan girbi, a tura wa malamin jami'ar ya ajiye nasa.